Shafin da Ya Tsirar da Gashi

Ina da jika, ɗan 'yata ta tsakiya, wanda duk layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Nasani ake ce masa, don kafin ka kai ƙarshen magana ya riga ya ce maka "na sani". Tun bakinsa bai gama buɗewa ba haka yake. Ka ce masa wuta da zafi, ya ce ya sani, ya kuma sa hannu. Yanzu ga shi da gemu, ga kwamfuta a jakar baya, hali kuwa yana nan inda na san shi. Ina son yaron nan kamar raina, amma so bai hana ni faɗin gaskiya ba: in da surutu yana gina gida, da tuni ya yi bene.

Kawunsa, wato babban ɗana, mai aski ne. Shagonsa a jikin gidana yake, taga ce kawai tsakaninsa da ɗakin da nake zama, ko almakashi ne ya faɗi sai na ji. Kujerar aski guda ce, sai madubi mai tsaga a kusurwa, da dogon benci da masu jira suka goge da zama har yana sheƙi. Mutumin nan ba shi da yawan magana, ba shi da dukiya. Abin da ya tara tun ƙuruciya suna ne: ba a taɓa samun wanda ya ce ya yi masa ƙarya ba. In kanka bai isa aski ba, sai ya ce ka tafi ka dawo wani makon, ko da kuwa ranar bai yi ciniki ba.

Sai aka buɗe sabon shagon aski a tsallaken titi, da fitilu masu launi, da kujeru masu juyawa, da shafin intanet inda mutum zai kama layi daga kan gadonsa. Samari suka fara sulalewa can ɗaya bayan ɗaya. Ɗana kuwa, ina jin sa ta taga yana wasa almakashin da bai yi aiki ba.

Rannan da hantsi sai ga Nasani ya faɗo shagon kamar an jefo shi.

"Kawu, daga yau kukanka ya ƙare."

"Wa ya ce maka ina kuka?"

"Na sani ai. Shafi zan gina maka. Ba irin na waɗancan yaran ba, nasu wasan yara ne. Wanda zan yi maka, kafin wata ya mutu sai ka roƙi mutane su rage zuwa."

Na leƙo ta taga na ce, "Kai da ko ƙusa ba ka iya kafawa ba, kai ne mai gini?"

"Tsohuwa, ki bar maganar zamani. Wayarki ko hoto ba ta ɗauka."

"Amma in an kira ta tana amsawa, ba kamar kai ba in an aike ka."

Mai faci, maƙwabcinmu mai gyaran taya, yana kan benci yana shan inuwa, ya yi dariya har da buga ƙafa. Ɗana ya daɗe yana kallon tsallaken titi, sannan ya ce, "To, yi. Amma kada ka rubuta abin da ba na yi."

"Haba Kawu, na sani."

Shafin kansa bai ba shi wuya ba, in faɗi gaskiya. Kafin la'asar ya nuna mana sunan shagon da hoton kujera a fuskar kwamfuta, abin gwanin kyau. Da a nan ya tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Sai ya ce saura filogin.

Ɗana ya ce, "Mene ne kuma filogin?"

Nasani ya gyara zama, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Kawu, shafi kamar sabon ɗaki ne da ba a sa masa komai ba. Filogin su ne 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa masa, kowanne da aikinsa. Wani ya riƙe maka layin masu zuwa, wani ya yi gadi kada ɓarayi su shiga, wani ya jera hotuna."

"Guda nawa ake buƙata?"

"Masu ƙaramar zuciya 'yan kaɗan suke sawa. Ni kuwa duk wanda na ga kyauta ne, ɗauko shi zan yi."

Na ce, "Haka kakanka yake. Kyauta ce ta cika masa ɗaki da tarkace har muka rasa inda za mu shimfiɗa tabarma."

"Kaka, wannan ba ya cin wuri."

Ya duƙufa. Masu riƙe layi ya samo kala-kala, ya rasa wanda ya fi kyau, ya zuba su duka. Masu gadi ya sa biyu, wai in ɗaya ya yi gyangyaɗi ɗayan yana farke. Ya sa mai busa kiɗa da zarar an buɗe shafi, ya sa mai zubo taurari daga sama kamar yayyafi. Ya sa mai shela, wanda ke kai duk abin da aka ɗora zuwa zaurukan hira na intanet ba tare da an aike shi ba. Sannan ya cire lambar wayar kawunsa gaba ɗaya, ya maye gurbinta da wani mai amsa tambaya da kansa.

"Don kada a dame ka da kira, Kawu. Babban mutum ba ya ɗaga waya."

"In an yi tambaya me zai ce?"

"Na koya masa amsa guda mai daɗi, wadda ba ta korar mai ciniki."

Wanda ya fi ɗauke masa hankali kuwa shi ne na hoton kafin aski da bayan aski. Hotuna biyu ake jerawa, a rubuta "kafin ya zo" a ƙarƙashin ɗaya, "bayan ya fita" a ƙarƙashin ɗayan. Ya ce yana neman kan da zai nuna aiki, idonsa ya sauka kan Mai faci. Mai faci Allah ya yi masa suma, baƙa wuluk, cunkus kamar dajin da ba a taɓa shiga da gatari ba, kuma shi in ya tashi aski ƙwal-kwabo yake yi, ba ya barin ko sili.

"Ni za a sa a intanet?" in ji Mai faci. "To bari in wanke hannu."

"Kanka za a ɗauka, ba hannu ba."

"Duk da haka. Mutunci."

Aka ɗauke shi da sumarsa, ɗana ya kwashe ta tas da kilifa, injin askinsa, ya bi da reza, aka sake ɗaukar kan yana ƙyalli. Nasani ya ɗora hotunan yana magana, yana amsa waya, yana yi mini gorin tsufa, duk a lokaci guda.

Washegari mai shagon magani na kusurwa ya shigo fuska a murtuke, waya a hannu.

"Kai Nasani, wane irin abu ka turo mana? Na buɗe ina tsaka da auna wa wata baiwar Allah jini, sai kiɗa ya ɓarke kamar gidan rawa. Na nemi inda ake kashewa na rasa, sai da na tura wayar cikin aljihun tebur. Matar nan jininta ya ƙara hawa."

"Ai alamar shafin yana da rai ke nan."

Mai faci ya ce, "Ni nawa ma bai buɗe ba. Na danna, na je na cire taya na liƙe na mayar, na dawo na tarar da taurari suna ta zuba, ba kaina ba labarinsa."

Na ce, "Ka yi wa jaki kayan raƙumi, dole ya durƙushe. Sauke wasu mana."

"Kaka, a wannan ilimin ba a saukewa, ƙarawa ake yi. Akwai filogin na sauri."

Ya ɗauko shi. Shi wannan, yadda aka bayyana mini daga baya, aikinsa ya ɗauki kwafin shafi ya ajiye, duk baƙon da ya zo sai ya miƙa masa kwafin nan da sauri maimakon a tsaya haɗa sabo. An tambayi Nasani tsawon lokacin da za a riƙe kwafin kafin a sabunta, shi kuwa da ya ga akwai zaɓi mafi tsawo, sai ya danna shi, don a wurinsa komai babba ya fi.

Shafi ya fara buɗewa da sauri, ba ƙarya. Bayan an gama murna ne Nasani ya lura da wani abu, ya ɗan juya kwamfutar daga idon kawunsa. Ni da nake ta bayansa a taga na gani. Ya juya hotunan Mai faci. Kan da aka aske tas shi ne "kafin ya zo", sumar nan cunkus ita ce "bayan ya fita".

Na ce, "Me na gani haka?"

"Ba komai. Ga shi na gyara." Ya danna, ya danna, hotuna suka koma daidai. "Kin gani? Ba sai Kawu ya ji ba."

Na gani da idona sun koma daidai, shi ya sa na yi shiru. Abin da ni da shi ba mu sani ba, shi kaɗai ne ke ganin gyaran, don shi da lambar sirri yake shiga a matsayin mai gida. Duk sauran duniya tsohon kwafin nan ake miƙa musu, mai shela kuma ya riga ya kai shi inda ƙafa ba ta zuwa.

Bayan kwana kaɗan Mai faci ya shigo yana shafa kai, inda gashi ya fara tsirowa.

"Sarkin aska, wai me ke faruwa ne? Tun jiya mutanen da ban sani ba suke tsayawa a wurina. Ba faci suke nema ba. Wani ya faka mota, ya ce in sunkuyo ya taɓa kaina. Na sunkuya, ya shafa, ya ce, Allahu Akbar, har ya fara. Ya ba ni hannu ya tafi."

Nasani ya yi tsalle. "Ka zama sananne! Kawu, ka ji ko? Shafi ya fara aiki."

"Ni fa a wayata hotunan nan kamar a juye suke."

"Wayarka ce a juye. Wayar da ka ɗaure da roba? Dubi nan." Ya buɗe kwamfutarsa, komai daidai. Mai faci ya miƙo tasa, Nasani ya ture hannun ko kallo bai yi ba. "Na sani, tsohon yayi ce. Sayi sabuwa."

Ana gobe Asabar, ɗana ya tafi sayo reza da hoda, ya bar Nasani da shago. Sai ga wani dattijo ya shigo a hankali, hula har gira, yana waige-waige kamar wanda ya zo sayen abin kunya. Ya rage murya.

"Samari, na zo ne kan abin nan da na gani a shafinku. Ina so in tabbatar ko da gaske..."

"Na sani, na sani, Baba. Duk abin da ka gani gaskiya ne. Ni na ɗora da hannuna."

"To, amma irin nawa ya daɗe, tun..."

"Wanda ya fi naka ma mun gani. Kawuna ba a kawo masa kan da ya gagare shi ba. Gobe ne babbar rana, ka zo da 'yan'uwanka."

Dattijo ya kama hannunsa da hannu biyu, har idonsa ya kawo ruwa. Da ya fita na ce, "Kai, ka bari mutumin nan ya gama maganarsa kuwa?"

"Kaka, ƙwararre daga fuska yake gane buƙata."

Ranar Asabar da safe na fito da tsintsiya zan share ƙofar gida, sai na tsaya da ita a hannu. Layi ne tun daga bakin shago, ya wuce wurin Mai faci, ya karya kwana wajen shagon magani. Maza zalla, manya da matsakaita, wasu da kwat, wasu da kayan aiki, wani ma da jakar tafiya. Abin da na lura da shi, ba wanda kansa yake a buɗe. Hula iri-iri, har da wani mai hular sanyi a wannan rana. Kuma ba mai kallon ɗan'uwansa, kowa ya sa ido a ƙasa.

Gardama ta fara tun kafin a buɗe ƙofa, don masu riƙe layin nan da Nasani ya tara, babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. Kowanne ya raba wa nasa mutanen sa'ar farko.

"Ni ne na farko, ga shi a wayata!"

"Malam, ni ma na farko aka ba ni."

"To ni har taya murna aka yi mini!"

Nasani ya iso cikin sabuwar riga, ya ga jama'a, ya buɗe hannuwa kamar zai rungume titin. "Kaka! Ina bakin naki yau? Kawu, fito ka ga abin da ilimi ya yi!"

Ɗana ya buɗe shago, ya ga layin, ya dafa ƙofa. Na ga farin ciki ya taso masa a fuska, irin wanda na daɗe ban gani ba. Ya kakkaɓe kujera, ya ɗauko ƙyallen wuya, ya ce, "Bismillah, na gaba ya shigo."

Dattijon jiya ne ya rigaya. Ya zauna, aka ɗaura masa ƙyalle, ya cire hula. Kai sumul, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Ɗana ya tsaya da kilifa a hannu, ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu.

"Baba, ina za a aske?"

"Aske? Ai shukawa na zo a yi."

"Shuka me?"

"Gashi mana! Irin na wancan." Ya nuna Mai faci, wanda ke leƙe a bakin ƙofa.

Maganar ta fita waje, ta bi layi. Sai na ga hannuwa suna tashi, huluna suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kowa yana nuna abin da ya kawo shi. Rana ta haska titinmu kamar an kife kwanukan silba a jere. Allah ya yafe mini, sai da na toshe baki da mayafi.

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Ɗana ya fito bakin ƙofa ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, ni aski nake yi. Ban taɓa tsirar wa kowa gashi ba."

Wani ƙato mai jakar tafiya ya matso. "Ba ka taɓa ba? To wa ya amsa mini? Ga shi, bari in karanta. Na ce, kuna mayar da gashin da ya zube? Aka ce, ƙwarai kuwa, wannan aikinmu ne, sai ka zo. Na ce, ko na gado ne? Ƙwarai kuwa, wannan aikinmu ne, sai ka zo. Mota biyu na hau kafin in iso nan!"

"Ni matata na ce wa ta shirya ganin abin mamaki!" in ji wani.

Sai wata murya daga baya ta ce, "Damfara ce kawai. Macuci ne."

Kalmar nan ta faɗo kamar dutse a rijiya. Yaran sabon shago sun fito sun jeru a tsallake, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Na dubi ɗana.  Mutumin da ya tsufa yana tsaron bakinsa, yau ana kiransa macuci a ƙofar uwarsa. Nan na ji tsintsiyar hannuna tana neman bayan wani.

Nasani ya haye kan benci da kwamfuta. "Jama'a, ku natsu! Wayoyinku ne ke da matsala. Yanzu zan nuna muku gaskiya, kowa ya buɗe ido."

Ya buɗe. Sai shafi ya ce ya sa lambar sirri. Ashe masu gadin nan biyu sun samu saɓani, kowanne ya ɗauki ɗan'uwansa ɓarawo, suka kulle ƙofa. Ya sa lamba, aka ce ba ita ba ce. Ya sake, aka ce ba ita ba ce. Ya sake da ƙarfi kamar maɓallan ne suka yi masa laifi. Sai rubutu ya fito da ja, mai shagon magani ya leƙa ya karanta wa jama'a da babbar murya: an gano ɓarawo yana ƙoƙarin shiga, an toshe shi.

Mai faci ya ce, "Kai, gadin nan yana aiki fa."

Da aka kore shi daga matsayin mai gida, sai aka miƙa masa abin da ake miƙa wa kowa. Kiɗa ya ɓarke, taurari suka zubo, ga Mai faci da kai tas "kafin ya zo", ga shi da suma cunkus "bayan ya fita". Nasani ya ɗaga kwamfutar sama, kowa ya gani, shi ne na ƙarshen gani.

Na ce, "To, faɗi mana. Ka sani?"

Ya sauke kwamfutar, ya sauko daga benci sumui-sumui.

Ƙaton nan bai huce ba. Ya nuna ɗana da yatsa. "Yaro ya yi shirme, mun ji. Amma wa ya san ba da saninka aka yi ba? Wataƙila kana da maganin, sai wanda ka ga dama kake ba."

Ɗana ya ajiye kilifa a kan kujera. Ya kai hannu ya cire hularsa, hular da ko Mai faci bai taɓa ganin ta bar kansa ba. Sanƙon ɗana, in gaya muku, ya fi na duk wanda ke layin nan faɗi da sheƙi. Na ubansa ne ya gada, shi ma na nasa uban.

Ya ce, "Da ina da shi, da wa zan fara?"

 Sai dattijon da ke kan kujera, ƙyalle a wuya, ya fashe da dariya har yana tari. Dariya ta kama na kusa, ta bi layi har kwana. Ƙaton ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ya kasa, ya ajiye jaka ya rungume ɗana, kai ya ƙwanƙwasi kai. Mai faci yana ta salati. "Shekara da shekaru ina ba ka amanar sumata, ashe kishi kake kwashe ta da shi!"

Dattijo ya share hawaye ya ce, "Mutumin da ya tona wa kansa asiri don kada a ce ya yi ƙarya, wannan ba macuci ba ne. Tunda na riga na zauna, gyara mini gemu."

Wani siririn mutum mai tabarau ya fito daga layi, ya ce shi malamin kwamfuta ne, a ba shi ya duba. Ya san wata hanya ta baya, ya shiga, ya ga abin da aka tara, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Samari, wannan shafi ne ko kasuwa? Zo nan. Duk wanda na nuna, ka gaya mini abin da yake yi wa kawunka. In ba ka da amsa, waje."

"Wannan yana zubo taurari."

"Taurari suna aski?"

"A'a."

"Waje. Wannan fa?"

"Shi ma layi yake riƙewa, amma launinsa..."

"Waje."

Haka suka yi ta yi, masu sanƙo sun kewaye su, duk wanda aka kora sai su amsa "waje!" baki ɗaya kamar 'yan makaranta. Mai kiɗa ya tafi, mai shela ya bi shi. Mai amsa tambaya kuwa ƙaton nan ya roƙa a bar shi ya danna da yatsansa. Aka bar mai riƙe layi guda, mai gadi guda, da na saurin bayan an zubar da tsohon kwafi an rage masa wa'adi. Malamin ya ƙara wani da Nasani bai taɓa tunawa da shi ba don ba ya ƙyalli, mai ajiye madadin shafi ko da wani abu ya lalace. Aka mayar da lambar wayar ɗana a sama, manya-manya.

Na kawo wa malamin ruwa, na ce, "Ɗan nan, kai da ka san duk wannan, me ya kawo ka layi?"

Ya sunkuyar da kai. "Iya, wallahi na gane inji ne ke amsawa. Har gwada shi na yi, na ce kuna gyaran firij? Ya ce ƙwarai kuwa, wannan aikinmu ne."

"Amma ka zo."

"Na zo, Iya. Sanƙo ba ya jin karatu."

Wasu sun tafi suna ƙunƙuni, ba zan ɓoye ba. Amma da yawa suka zauna, wannan a gyara masa gemu, wannan a kwashe masa ɗan abin da ya rage a gefe. Benci ya cika, aka aro kujeru daga shagon magani. Yaran tsallake suka gaji da ɗauka suka koma ciki. Ɗana yana aiki kai a buɗe, hular tana rataye a jikin madubi, kuma na ji shi yana hira, shi da magana sai an ja.

Nasani ya lallaɓa ya saɓa jakarsa zai zame, ƙaton ya riƙo shi ta wuyan riga.

"Ina zuwa? Ka tara mu, ka sa mun cire hula a titi. Sai ka ɗanɗana abin da muke ji in iska ta kaɗa."

"Kawu! Kaka, ki yi magana!"

Na ce, "Ni tsohuwa ce, ban san maganar zamani ba."

Aka ba shi layin gaba ba gardama. Ɗana ya ɗaura masa ƙyalle, ya ɗan matse fiye da yadda ya saba, ya kunna kilifa ya bi ta tsakiyar kai. Gashi yana zuba a cinyarsa, jama'a suna tafi, shi kuwa yana ta zare ido a madubi yana kallon cikar shagon. Can sai na ga bakin nan ya fara dawowa daidai.

"Kaka, ki dai shaida. Na ce zan cika shagon nan, kuma na cika shi."

Na ce, "Na shaida, ɗan albarka. Sunkuyar da kai, kada a haɗa da kunne."